Kaset Biyu da Amsar Sufeto

Dutsin-Ma,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya, cikin tsarinsa, kai da waɗanda kuke ɗaki ɗaya. Allah Ya sa ka shiga Zariya da ƙafar dama, Ya kare ka daga sharrin hanya, da ciwon baƙon ruwa, da abokin da dariyarsa ta fi maganarsa yawa. Mu nan lafiya lau muke. Labarin gida mahaifiyarka za ta aiko maka da shi ta bakin direba, ita ce gwanar wannan. Ni abin da ya zaunar da ni da biro a hannu daban ne.

Ranar da za ka tafi, muna tsaye a tasha ana ɗaure akwatinka a saman mota, ka matso kusa da ni ka yi ƙasa da murya. Ka ce Ayuba ɗan Malam Bitrus, tsohon maƙwabcinmu, yanzu yana zaune wurin kawunsa a Wusasa, kuma injin wasan nan nasa da ake haɗawa da talabijin yana hannunsa. Ka ce akwai kaset biyu da kuka ɗan taɓa kafin su tashi daga garin nan, ba ku yi nisa ba, kowanne kuwa sai an shafe zangon karatu guda ana yinsa ranakun Asabar kafin a ga ƙarshensa. Ɗaya na wani gida ne mai fatalwa, ɗayan kuma na wata ƙasa ce da mutum yake zaɓar ko shi wane ne, ya yi ta yawo gari gari. Ayuba ya bar maka zaɓin wanda za ku fara. Sai ka ce, “Baba, in kai ne, wanne za ka fara?”

Ka san abin da na yi. Na tambaye ka wa ya kawo kaset ɗin ƙasar nan, da sana'ar kawun Ayuba, da ko a Zariya an hana karatu ranar Asabar ne, da abin da ya sa Ayuba bai zaɓa da kansa ba in har babu wata a ƙasa. Ban kai ƙarshen tambayoyina ba direba ya danna hon. Ka ce mini sai Allah Ya dawo da ku, ka shiga mota ka zauna ta ɓangaren da ba na ganin fuskarka.

Da na koma gida na ba mahaifiyarka labari, ina tsammanin za ta yaba mini da sa ido. Tana tankaɗe ne, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce rabon da ka tambaye ni wani abu da bakinka, ba aike ba, ba izini ba, tun kana firamare. Sannan ta ce, “Malam, yaro ya miƙo maka hannu, kai ko ka tsaya duba farcenshi.” Na yi mata faɗa a kan ba ta san halin duniya ba, na fita. Amma maganar ta bi ni har ofis, ta bi ni har gona, kuma tsoron da ya kama ni shi ne kada wannan ta zama tambayar ƙarshe da za ka yi mini. Shi ya sa na zauna in ba ka amsa. Sai dai ka yi haƙuri, amsata ba ta san gajeriyar hanya ba.

Tun farko in gaya maka gaskiya, ban yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba. Ban yarda da akwatin da zai sa samari biyu masu hankali su zauna a ƙasa baki buɗe, abinci ya huce a gabansu, a kira sallah su ce bari su kai ƙofa ta gaba ba. Wanda ya ƙera shi a ƙasarsu bai san ka ba, bai san ubanka ba, amma ya san yadda zai riƙe ka, kuma duk wanda ya iya riƙe mutum bai san shi ba, ni ina sa masa ido. Wannan ra'ayi nawa ne, ban janye ba. To amma ba ka tambaye ni ko na yarda ba, ka tambaye ni wanne zan fara, kuma na taɓa tsayawa a gaban irin wannan zaɓi.

Shekarar da aka gama yaƙin basasa, ina saurayi a Rawayau, damina ta yi kyau, samari suka ce za a yi kalankuwa. Ku ba ku tarar da ita yadda take ba. Bayan an gama girbi, samari da 'yan mata kan kafa gwamnatinsu ta wasa a filin bayan gari na 'yan kwanaki, a yi Sarki, a yi Sarauniya, a yi Alƙali, a yi Likita, a yi Gwamna, kowa ya sa kayan muƙaminsa, dattawa ma in sun ratsa filin su bi doka don nishaɗi. Sarkin samarinmu, Mamman Dogo, ya tara mu gindin tsamiya yana rabon muƙamai. Ni da abokina Ɗanlami mun makara a wurin sussukar gero, da muka iso saura biyu: Sufeton 'yan sanda da Dodo. Dodo a garinmu buhu ake kifa masa a ka a huda idanu, a ɗaura masa buzun akuya da kacau-kacau a ƙafa, a shafe hannuwansa da toka. Aikinsa ya fito daga cikin kara ba zato ya watsa yaran da suke damun 'yan mata masu sayar da abinci. Mamman Dogo ya ce tunda na girmi Ɗanlami, ni zan fara zaɓa.

Ban yi dogon tunani ba. An aro wa Sufeto kakin masinjan makaranta da usur da sanda, kuma na san mahaifiyarka za ta zo da farantin alkaki, ban so ta gan ni cikin buhu ina warin akuya ba. Na ce Sufeto. Ɗanlami ya ɗauki buhunsa yana dariya.

Na yi Sufeto kamar don shi aka haife ni. Na kama wanda ya shigo fili da takalmi, na kama wanda ya yi wa Sarauniya magana bai durƙusa ba, na kama wanda bai yi komai ba a kan fuskarsa ta yi kama da ta mai shirin yin wani abu. Tarar kowa goro. A rana ta biyu Kawu Ilu, ƙanen mahaifina, dattijo mai furfura, ya ratso filin da jakinsa ɗauke da harawa. Na busa usur na tare shi, na ce ina lasin ɗin jakin. Ya sauko a hankali ya cire hula ya ce, “Ranka shi daɗe Sufeto, jakin ga bai da takarda, amma wallahi na san uwarshi.” Filin nan gaba ɗaya ya kwashe da dariya, makaɗa suka saki kiɗa suka riƙe ciki, na waiga na ga mahaifiyarka ta rufe baki da gefen mayafi. Daɗin da na ji a ranar ban taɓa jin irinsa ba, kuma wannan daɗin shi ya cuce ni.

Da aka tashi daga wasa, Ɗanlami ya cire buhu ya je rafi ya wanke toka, washegari ya koma Ɗanlaminsa. Yaran da ya firgita sun yi 'yan kwanaki ba sa yarda su bi ta cikin kara, daga nan suka manta. Yau ga shi can kasuwar Kurfi, Alhaji ne mai sayar da hatsi, ka tambayi duk wanda ka ga dama, ba mai tuna ya taɓa zama Dodo. Ni kuwa na mayar da kaki da usur, amma sunan ya ƙi komawa, domin ni da fuskata na yi wasan. Duk inda na bi sai a ce, Sufeto, yau wa aka kama? Ni kuma don kada dariya ta mutu sai in nemo wanda zan ce na kama. A hankali idona ya koyi neman laifi tun kafin a tambaye ni. Na fara da wasa, na wayi gari in an ba ni fura sai na juya ludayi na duba ƙasan ƙwarya. Sunan da mahaifina ya yanka mini rago a kansa yau in ka kira shi a kasuwar Dutsin-Ma ba mai waigowa, ni kaina sai an maimaita.

Abin da nake so ka ɗauka a nan: duk abin da ka yi aka yi dariya har ka ji kanka ya yi girma, kada ka yi saurin maimaita shi. Ka bari a nema ka ƙi, ka ga ko za ka iya. Makaranta wuri ne da ake raɗa wa mutum suna a makon farko a kan abu ƙanƙani, ya bi shi har ofis, har ranar da 'ya'yansa za su ji a bakin baƙo.

Kada ka ɗauka abin ya tsaya a kan suna. Da na gama horon malamin gona aka tura ni Karofi, sunan ya riga ni isa. Manoman can ba su san labarin kalankuwa ba, sun dai ji ana cewa Sufeto, sai suka yanke cewa ni ɗan sanda ne na gaske da aka sa wa rigar malamin gona don in gano masu haura gyaɗa zuwa Maraɗi. Shekarar kuwa ita ce wadda ciwo ya faɗa wa gyaɗa, ganye ya murɗe ya yi rawaya, ta ƙi 'ya'ya. Duk wanda na ce ya kai ni gonarsa sai ya kai ni mai kyau, ya zagaya da ni ta nesa da mai ciwon. Hancina ya ba ni ana ɓoye mini wani abu, a nan ban yi kuskure ba. Kuskurena shi ne maganin da na yi wa abin: na ƙara matsa tambaya. Gona nawa gare ka, ina sauran, wa ya ba ka iri, me ya kai ka hanyar arewa ranar Laraba? Ina matsawa suna ƙara rufewa. Sai da abu ya game gari wani tsoho, Malam Audu, ya ja ni gefe bayan sallar Juma'a ya ce, “Yaro, mu mun ɗauka kamu ka zo yi. Da ka zauna ka sha hura ka yi shiru, da da kanmu mun kai ka.”

Ba zan ce da na gani da wuri da na ceci gyaɗar ba, ciwon shekarar ya fi ƙarfin malamin gona ɗaya da kekensa. Amma an aike ni in gani, ban gani ba, alhali abin yana bayan dangar da nake jingina kekena. Saboda haka in ka ji ana ɓoye maka abu, a aji ne ko a ɗaki, ka fara duba ko kai ne kake sa a ɓoye. Ka zauna a ci da kai, ka bar magana ta zo da ƙafarta. Na san za ka ce mai ba da shawarar bai bi ta ba. Ban bi ba, shi ya sa na san kuɗinta.

Sai maganar gidan su Ayuba. Lokacin da aikin dam ya kawo Malam Bitrus garin nan ya kama gidan da ke jikin namu, abin da na fara gani shi ne dogon ƙarfen da ya kafa a kan rufi, ya fi darbejiyar ƙofar gida tsawo. Na ce mutum daga kudancin Zariya, ba dangi ba kowa, ya zo ya kafa ƙarfe yana kallon gabas da yamma, da wa yake magana? Na hana ka shiga gidan. In ya gaishe ni in amsa a taƙaice ina kallon ƙarfen. Haka muka zauna har ranar da ƙyanda ta kama ƙanwarka Hadiza, zazzaɓi ya hau kanta da tsakar rana ta fara sanƙarewa, ni ina Makera wurin rabon taki. Maman Ayuba, da yake nas ce, ita ta ji ihun mahaifiyarka ta katanga, ta shigo ta saɓa yarinyar a baya ta yi asibiti da ita a ƙafa. Da saƙo ya same ni na iso, na tarar da Malam Bitrus zaune a bakin baranda da kayan aikinsa, riƙe da ɗan takalmin Hadiza da ya faɗi a hanya. Ya matsa mini wuri ya ce in zauna, ta samu barci. Ƙarfen kuwa, daga baya na gane, don ya kamo ƙwallo daga tashar Kaduna ne, kuma ko ita rabinta yayyafi yake gani.

Da aka raba jiha aka mayar da su Kaduna, ni na riƙe masa igiya ya sauko da ƙarfen nan, kuma ban ji kunyar share ido a gaban mutane ba. Don haka tambayar da na yi maka a tasha a kan sana'ar kawun Ayuba, ka zubar da ita. Ka gaishe mini da shi, ka ci abincin gidansa, in lokacin sallah ya yi ka nemi wuri, na san irin gidan, za su shimfiɗa maka tabarma tun kafin ka tambaya. Mutanen na yarda da su. Akwatin ne har yanzu da sauran magana tsakanina da shi.

Ka tuna ranar Asabar ɗin nan bayan la'asar, ba da daɗewa ba da ƙanen Malam Bitrus ya kawo injin daga Legas? Ina ƙofar gida ina gyaran babur na ji muryarka daga falonsu ka ce, “Wayyo, na mutu!” Ban san lokacin da na tsallake kwata ba. Na faɗa gidan mutane ba sallama, sifana a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Na tarar da kai zaune daram a kan leda, riƙe da ɗan abin dannawar nan mai igiya, lafiyarka ƙalau. Ayuba ya dube ni ya ce, “Baba, ba komai, saura mashi rai biyu.” Malam Bitrus ya yi dariya har sai da ya nemi ruwa. Ni kuwa kunya da tsoro suka haɗu suka zama fushi, na kama kunnenka na fito da kai a gaban abokinka da ƙannensa. Wannan bai dace ba. Ni ne na tsorata, kai aka ja wa kunne. In wata rana ka tsorata a kan wani naka, ka ce masa ka tsorata, kada ka ba shi fushi ka bar shi ya yi ta lissafin laifin da ya yi.

Amma a kan kalmar, har gobe ina nan inda nake. Mun yi dara, mun yi langa, mun yi kokawa, wanda aka fi ƙarfi cewa yake an cinye ni, ko an kayar da ni. Ba wanda yake cewa ya mutu, ya tashi ya karkaɗe riga ya ce saura biyu. Me ya sa mai akwatin bai ce wasa uku ba, ya ce rai uku? Ban sani ba, kuma rashin sanin ne yake damuna. Abin da na sani shi ne baki yana koya wa zuciya. Saurayin da ya saba cewa saura rai biyu, ina tsoron ranar da zai hau babur a titin Zariya, tirela na tahowa, wani abu a can ƙasan ransa ya ce masa ai akwai saura. Ɗaya gare ka, shi ma aro ne. Kowane kaset ka sa, in an fi ƙarfinka ka ce an cinye ni. Wannan kaɗai na roƙe ka, ko don mahaifiyarka.

Yanzu ga kaset ɗinka biyu. Tunda ban bar ka ka yi mini bayani ba, sai na yi abin da na iya, na yi bincike. Na san Hadiza takan zauna bayanku tana kallo, na sayo mata tsire na zaunar da ita. Ta ce na gidan fatalwar, wani mutum ne da 'yar fitila yake shiga wani tangamemen gida, ƙofa ta rufe a bayansa, ya yi ta neman hanyar fita, abubuwa na fitowa daga bango da ƙarƙashin bene. Ta ce akwai wani sauti da yake yi kafin abu ya fito, wanda ya sa Ayuba ya taɓa jefar da abin dannawa, ku duka kuka ruga ƙofa, sannan kuka dawo kuna dariya. Ban so shi ba. Ban ga dalilin da zai sa mutum da lafiyarsa ya je neman faɗuwar gaba ba, kuma ina zargin wanda ya zana waɗannan halittu ba ya barci da kyau. Kada ku yi shi gab da magariba, kada ku yi shi a gaban ƙananan yara. Amma da na juya shi na sake juyawa, sai na ga Dodon Ɗanlami ne. Buhu ne da toka. Zai sa ka zabura, ka kashe talabijin, ka fito waje ka ga masu sayar da rake, shi ke nan ya ƙare. Bai tambaye ka sunanka ba.

Ɗayan shi ne ya hana ni sukuni. Hadiza ta ce kafin a fara komai sai ya ce ka rubuta suna, sannan ya jera maka mutane ka zaɓi wanda za ka zama: jarumi mai takobi, ko mai magani, ko mai tsafi, ko ɓarawo. Daga nan ka kama hanya gari gari, kana shiga gidajen mutane ba sallama, kana buɗe musu tukwane, kana tsare duk wanda ka gani da tambaya. Da ta zo nan sai da na ce a raina, wannan ai aikina ne aka sa a kaset. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ta ce ba ya mantuwa. Ka kashe shi ka tafi, bayan mako ka dawo, ya kira ka da sunan da ka ba shi, ya ajiye ka inda ka tsaya, da kayanka da halinka. Wannan ba Dodo ba ne, Abba. Wannan Mamman Dogo ne a gindin tsamiya yana rabon muƙamai, kuma nasa wasan ba na 'yan kwanaki ba ne, na watanni ne. Asabar bayan Asabar ana kiran ka da abu, Ayuba ya fara tsokanarka da shi a hanya, wani ɗan ajinku ya ji ya ɗauka. Na san yadda wannan hanya take farawa.

Na tambaye ta wanne ka zaɓa ranar da kuka gwada. Ta ce ɓarawo.

Ranar ban ci tuwon kirki ba. Ɗan Sufeto, an jera masa jarumi da mai magani, ya tsallake ya ɗauki ɓarawo. Na zauna ina tuno ko wani abu ya taɓa ɓacewa a gidan nan na ɗora wa ɓera. Allah Ya gani har akurkin kaji na leƙa. Ban samu komai ba, domin babu, kai yaro ne da in ka tsinci fensir a hanya sai ka bi gida gida. Da safe na sake tare Hadiza tana tsintar shinkafa na ce ko ka faɗi dalili. Ta ce ka faɗa. Ka ce a cikin wasan kowane gari akwai mai gadi a ƙofa da yake tsare mutum ya tambaye shi daga ina, zuwa ina, me ke cikin jaka, amma ɓarawo shi yana da dabarar wucewa shiru ba wanda ya tsare shi. Ta faɗa ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ba ta san abin da ta faɗa ba. Ni na san mai gadin, na san kujerar da yake zama a zauren gidan nan.

Ba zan wanke kaina ba, amma bari in gaya maka yadda abin yake daga inda nake zaune. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. Yadda aka tashe mu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama hira da shi, ba ya yabonsa ko ya zo na ɗaya. Hadiza zan iya tsokanarta in goya ta a babur mu zaga gari, kai kuwa ko kallonka na daɗe ina yi sai wata gwaggo ta yi gyaran murya. Ƙofa ɗaya aka bar mini zuwa wurinka, ita ce ta tambaya. Ina ka je, wa ka gani, me aka koya muku, me ya sa ka makara. A wurina wannan ita ce hirar, da ita nake jin muryarka. Ban lura ba cewa a wurinka caji ofis ne. Ina son ka, Abba, tun ranar da ungozoma ta leƙo zaure ta ce namiji ne, na sunkuyar da kai kamar ban ji ba don dattawa na zaune. A takarda na iya faɗa, a baki ban sani ba.

To ga amsar tambayarka. In ni ne, zan fara da gidan fatalwa. Ku sha tsoronku ku yi dariya, ku kashe ku ci abinci, ranar Litinin ka shiga aji kana kai ɗinka. Kana sabon zuwa, ba a san ka ba tukuna, ka bari a fara sanin ka da fuskarka da halinka kafin wani akwati ya ba ka muƙami. In kun gama shi zango ya juyo kuka ɗauki ɗayan, ka rubuta sunanka na gaskiya, ka zaɓi wanda ranka yake so, ko ɓarawon ne, ban hana ba. Sai dai in an kashe talabijin ka tuɓe shi ka bar shi nan kan leda, in Ayuba ya kira ka da shi a waje kada ka amsa, ko sau ɗaya, ko an yi dariya. Wannan ba umarni ba ne. Ka tambayi ra'ayina ne na faɗa, in ka ga ɗayan ya fi, ka fara da shi, ba sai ka kawo mini hujja ba.

In hutu ya zo ka aiko da ranar da za ka taso, zan zo tasha da kaina. Na saba in ka dawo daga ko'ina in karɓi jakarka in zuge a zaure in ga abin da ke ciki, ina cewa taya ka sauke kaya nake. Wannan karon zan karɓa in ɗaure a bayan babur, in kai ta ɗakinka in ajiye yadda ka ba ni. A hanya kuma ba zan ce komai ba, in kana da labarin gidan fatalwa ka ba ni, in babu mu tafi shiru. Na gaya wa mahaifiyarka haka, ta ce ba zan kai kwanar masallaci ba sai na yi tambaya. Ka zo mu ba ta kunya.

Ita da Hadiza suna gaishe ka. Allah Ya tsare ka a ɗaki da aji da kan titi, Ya buɗe maka karatu, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya dawo mana da kai lafiya da ranka guda ɗaya. Ni kuma ka sa ni a addu'a, Allah Ya ba ni ikon riƙe bakina daga tasha zuwa gida.

Wassalam.

Mahaifinka.